Janaretan ba shi da laifi, tashin kwamfuresa ne

To yaro na ji tambayarka. Ka ce jirgin ruwan nan da muke wa aiki a Legas janaretansa 5kVA ne, esi biyu ne a ciki kowanne 16,000 BTU, ka sa mita ka ga kowanne bai wuce amp 6 yake ja ba, amma da an kunna sai janareta ya yi nishi fitilu su dusashe bireka ta faɗi, wai ko mu ce wa mai jirgi ya sayo babba. A'a, kar ka soma.

Ka taɓa tura kurar 'yan garuwa cike da jarkoki? Turin farko shi ne wahala, sai ka sa ƙirji, amma da tayar ta fara juyawa da hannu ɗaya ma ka tafi da ita. To haka kwamfuresa yake, wato injin da ke cikin esi mai matsa gas. Amp 6 ɗin da ka gani na tafiya ne, a daidai lokacin tashi kuwa yana fizgar ninki biyar ko shida na wannan, kusan amp 30 ke nan, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Duba farantin da ke jikinsa za ka ga RLA da LRA, na farko abin da yake ci yana aiki, na biyu abin da yake fizga kafin ya juya. Yanzu yi lissafi da kanka, 5kVA a kan 230 bai fi amp 21 zuwa 22 ba, in esi biyu suka tashi tare suna neman kusan 60, ga famfon da ke jawo ruwan teku don sanyaya esin shi ma ya tashi, ga firji, wataƙila ga cajar batir, ina janareta zai sa kansa? A gida ba ka lura da wannan don taransifoma ce ke shanye bugun, a kan ruwa kuwa babu kowa sai ɗan injin nan.

Abu na farko kuma mafi araha shi ne kar su tashi tare. Shiga saitin kowane esi ka ba shi jinkirin tashi daban, ɗaya ya tashi ya zauna sannan na biyu ya biyo, in babu wannan saitin sa rile, wato makunni mai ƙidayar lokaci. Kuma in esi ya mutu a bar shi kamar minti 3 kafin a sake tada shi, saboda gas ɗin bai daidaita ba, ɓangare ɗaya na da matsi sosai, in ka tilasta shi sai ya tsaya yana gurnani yana jan LRA har waya ta yi zafi. Masu jirgi ba su da haƙuri wallahi, kashe kunna kashe kunna, sai ka gaya musu da baki.

Na biyu na'urar tashi a hankali, irin su EasyStart na Micro-Air ko SmartStart na Dometic, tana ba kwamfuresa wuta kaɗan kaɗan maimakon gaba ɗaya, tana rage fizgar da fiye da rabi. EasyStart ɗin sai ta yi tashi biyar na farko tana koyon halin kwamfuresan, don haka ka yi mata wannan a kan wuta mai ƙarfi, ta bakin gaɓa inda jirgi ke tsayawa in akwai. Kar ka haɗa ta da kapasitan nan (ɗan gwangwanin da ke riƙe caji) na ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a kasuwa, shi yana sa kwamfuresa ya tashi da sauri ne kawai, bugun yana nan.

Amma kafin ka sa mutum kashe kuɗi duba abubuwan banza tukuna. Na taɓa ɓata yini guda a kan wani jirgi ina zargin janareta, ashe leda ce da ciyawa suka toshe matatar ruwan da ke sanyaya esin, ruwa ba ya wucewa, matsi ya hau, kwamfuresa yana ta mutuwa yana tashi. Ka san ruwan Legas da leda. Sai kan wayoyi, iskar gishiri tana cinye su su yi kore, wuta ta riƙa raguwa a hanya. Sai kapasita, in ya kumbura canza shi, kuma ka sauke cajinsa kafin ka kai hannu, ƙafarka a jiƙe take a wurin nan. In jirgin daga Amurka aka kawo shi karanta faranti da kyau, nasu 60Hz ne namu 50.

Babban janaretan da kake so kuwa ga tsada ga nauyi ga rashin wurin sa shi, kuma injin dizal da ke yini da ɗan ƙaramin lodi baƙin hayaƙi yake tarawa a cikinsa.

Gobe ka zo da mitar nan mai maƙalewa a waya wadda ke kama fizgar farko, taka ta kullum ba ta da saurin gani. Mu fara da esin ɗakin gaba.