Daga ina Kirista zai ɗauki ma'aunin halinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Littafi Mai Tsarki kaɗai ne tushen tarbiyyar Kirista, ko al'adar gida da lamiri ma suna da ta cewa.

A ganina Littafin ne alƙali, sauran kuwa shaidu ne. A Matiyu 22 Yesu ya ce ka ƙaunaci Allah da dukan zuciyarka, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, kuma a kan waɗannan biyu Attaura da Annabawa suka rataya. Bulus ma, a Romawa 2, ya ce al'ummai marasa Shari'ar Musa suna da aikinta rubuce a zukatansu. Ke nan kunya da girmama na gaba da aka koya maka a gida ba abin zubarwa ba ne.

Matsala tana tasowa idan al'ada ta ture umarnin Allah. A Markus 7 Farisiyawa, wata ƙungiyar malaman Yahudawa, sun yarda mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah don ya hana iyayensa, Yesu kuwa ya tsawata musu sosai.

Katolika suna haɗa Nassi da koyarwar Ikkilisiya. Coci-cocin ECWA da COCIN sun fi tsayawa kan Nassi kaɗai. Kowace doka aka kawo maka a coci, tambayi fastonku ayar da ta dogara a kanta.