Jam'iyyata ta fita raina, ta yaya zan bar ta?

Tambaya: Malam, na daɗe ina yi wa jam'iyyarmu hidima, har wakilin akwati nake tsayawa ranar zaɓe. Yanzu fidda gwani ya koma ɗauki-ɗora, ba a jin ta bakin na ƙasa. Daina zuwa taro ya wadatar, ko akwai abin da zan yi? Katin zaɓena fa?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Ɗan'uwa, ƙaurace wa taro bai fitar da kai ba, sunanka na nan daram a rajistar mazaɓa. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin shiga jam'iyyar da kake so, amma fita sai da shaida.

Rubuta takardar ficewa zuwa ga shugaban jam'iyya na mazaɓarka, tunda can aka yi maka rajista. Sa cikakken suna, lambar katin jam'iyya, kwanan wata da sa hannu. Layi uku sun isa, kar ka cika ta da zagi. Yi kwafi biyu, sakatare ya sa hannu ya buga hatimi a kan ɗaya, ka adana. A nan mutane ke yin sake: su miƙa takarda ba shaidar karɓa, ranar da suka fito takara a wata jam'iyya a kai su kotu a ce ƙafarsu biyu. In an ƙi karɓa, kamar yadda kan faru inda shugabanci ya rabu gida biyu, aika ta kamfanin kai saƙo zuwa ofishin jam'iyya na ƙaramar hukuma, ka riƙe rasit.

Katin zaɓe kuwa na INEC ne, babu sunan jam'iyya a jikinsa. Rumfarka tana nan.

Sai dai ka auna kafin ka sa hannu. Jam'iyyar ce ta canza, ko wani ɓangare ne ya ƙwace ta? Ko PRP ta Malam Aminu Kano ta rabu zuwa santsi da taɓo a 1980, kowane ɓangare na cewa shi ne mai aƙida. Wanda ya fita ya rasa bakin magana a taron zaɓen shugabannin mazaɓa, inda ake fara gyara ko ɓarna.

In kana da niyyar takara, ka sani Najeriya ba ta da ɗan takarar indifenda. Dokar Zaɓe ta wajabta wa jam'iyyu miƙa wa INEC rajistar mambobi kafin fidda gwani, saboda haka shiga sabuwa da wuri, bayan ka binciki su wa ke riƙe da ita a mazaɓarku.