Amsa ga ƙanenmu da layukan zanensa suka ƙi fitowa a MySQL Workbench

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana aikin kammala karatu a kan rumbun bayanan ɗalibai, ka jawo teburanka daga XAMPP zuwa MySQL Workbench ta Reverse Engineer, wanda ke fitar da zane daga rumbun da aka riga aka gina, tebura goma sha ɗaya suka fito reras amma babu layi ko ɗaya da ya haɗa su. Ka juya salon zane iya juyawa, shiru. Ga malamin da ke duba aikinka ya ce salon layukan alaƙa da ake kira ƙafar hankaka (Crow's Foot) yake son gani ranar Litinin.

Kafin ka sake taɓa saitin nuni, ka tabbatar alaƙar tana nan a cikin rumbun. Manhajar ba ta yin hasashe. Ko da ka sa wa ginshiƙi suna iri ɗaya a tebur biyu, ba za ta ja layi ba sai ta tarar da baƙon makulli da aka ayyana, wato FOREIGN KEY, ginshiƙin da ke nuni ga makullin wani tebur. Buɗe phpMyAdmin ka rubuta SHOW CREATE TABLE da sunan tebur ɗaya, ka duba abu biyu: akwai FOREIGN KEY a ciki? Me aka rubuta a gaban ENGINE a ƙarshe?

Wannan ya taɓa cinye mini kwana biyu cur. Wani mai shagon magani a Sabon Gari ya kira ni in gyara masa tsohon tsarin da aka yi masa shekarun baya. Na jawo teburan, babu layi. Na ɗauka laifin kwamfutata ne, har na cire manhajar na sake sakawa. Ashe duk teburan a kan MyISAM aka gina su, wato shi ne injin adana tebur da aka rubuta a gaban ENGINE. Shi MyISAM, idan ka ba shi umarnin baƙon makulli sai ya karɓa bai ce uffan ba, ya watsar. Tun daga MySQL 5.5 InnoDB, injin da ke aiki da baƙon makulli, shi ne zaɓin asali, amma tsofaffin fayilolin SQL da ɗalibai ke gada hannu zuwa hannu a filasha har yanzu suna ɗauke da MyISAM. Idan haka naka yake, mayar da kowane tebur da ALTER TABLE, sunansa, sai ENGINE=InnoDB, sannan ka ayyana makullan. Idan ya ƙi da kuskure mai lamba 1452, to akwai sakamakon jarrabawa da ke nuni ga ɗalibin da babu shi a teburin ɗalibai. Share irin waɗannan ko ka gyara su tukuna. Ka kuma lura nau'in ginshiƙan biyu ya zo ɗaya, don INT da INT UNSIGNED ba sa haɗuwa. Ka ajiye kwafin rumbun kafin ka fara, don Allah.

To, idan makullan suna nan, sai mu dawo kan nuni. A ƙarƙashin Model akwai wuri biyu da mutane ke yawan rikitawa. Object Notation yana canza kamannin akwatin tebur ne kawai. Relationship Notation shi ne na layuka, kuma can za ka zaɓi Crow's Foot. Kowane layi kuma yana da nasa saitin: a editan alaƙa akwai Fully Visible, Draw Split da Hide. Wanda aka ɓoye, ka sa linzami a kan ginshiƙin makullin ko ka bi ta shafin Foreign Keys na teburin ka gano shi. Idan kuwa allon zanen ne baki ɗaya ke yin fari ko yana yayyagewa, matsalar katin hoto ce, kuma a Preferences akwai zaɓin tilasta wa manhajar ta yi zanen da kanta ba tare da katin ba. Na ga ya yi wa tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa magani.

Abin da ya fi damuna da ayyukan da ake kawo mini daga Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ne a sami layin, amma mai shi bai san abin da yake faɗa ba. Yatsu ukun ƙafar hankaka na nufin "da yawa", gajeriyar sanda na nufin ɗaya, ƙaramin zobe kuma na nufin zai iya zama babu. Idan ka ga zobe inda ba ka so, akwatin Mandatory a editan alaƙa ne ke juya shi. Layi ɗorarre na nuna makullin teburin uwa (wanda ake nuni gare shi) ya shiga cikin babban makullin teburin ɗa (mai yin nunin), mai tsinke-tsinke kuma bai shiga ba. Saboda haka kada ka mayar da su duka ɗorarru don zanen ya yi kyau. Da ka danna Identifying Relationship, ka canza babban makullin teburin kansa, kuma ranar kare aiki tambayar da za a fara yi maka ke nan.

Sai maganar abin da aka koya muku a aji. Galibi da salon Peter Chen na 1976 ake farawa, mai lu'u-lu'u a tsakiya da ƙwai-ƙwai na siffofi. Workbench ba shi da shi. Wanda ake kira Classic yana sa ɗan lu'u-lu'u a kan layi, shi ya sa wasu ke miƙa shi da sunan Chen, alhali ba shi ba ne. Idan an nemi Chen a babi na uku, zana shi da hannunka a draw.io. IDEF1X kuwa, mai baƙin ɗigo a ƙarshen layi, daga aikin rundunar sojin saman Amurka ya samo asali, kuma a ganina bai kamata ka kai shi gaban kwamiti ba sai an nema. Ni idan ina yi wa mai shago bayani, Connect to Columns nake kunnawa, domin layin yana tashi daga ginshiƙi ya sauka a kan ginshiƙi, ko wanda bai taɓa karatun kwamfuta ba yana bin sa da yatsa.

Ka tsayar da salo kafin ka jera teburan, don canza shi daga baya na hargitsa girman akwatuna, ka koma jeri daga farko. In ka gama, kada ka ɗauki hoton allo ka liƙa a Word. Fitar da shi ta File, Export, a matsayin PDF ko SVG. Masu buga takarda na bakin Samaru baƙi da fari za su buga maka, launin makulli da na lu'u-lu'un ginshiƙai duk zai zama toka, kuma layi mai tsinke-tsinke a ƙaramin hoto yakan haɗe ya koma ɗorarre. Buga wannan shafin shi kaɗai ka duba da idonka kafin a ɗinke littafin.

Turo abin da SHOW CREATE TABLE ya ba ka na teburin ɗalibai da na sakamako, in sha Allahu zan duba bayan sallar isha'i.