Yaya ake auna ƙwayoyin da ido ba ya gani?

Ɗan'uwa, ka tambaya yaya masana ke sanin yadda mafi ƙanƙantar ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa ke hulɗa da juna alhali ba a ganinsu. Ƙirga ake yi.

Dubi na'urar LEP, mai haɗa ƙwayoyi karo, ta cibiyar binciken kimiyya ta CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, wadda ta yi aiki daga 1989 zuwa 2000. Rami ne zagayayye a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 27. A lokacin ana koro ilektaron, ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, ta wannan gefe, kishiyarsa fozitaron ta wancan, su yi karo. Da sun haɗu sai duka biyun su shafe, ƙarfinsu ya rikiɗe ya zama sababbin ƙwayoyi. A ganina nan wannan hanya ta fi karon furoton, ƙwayar da ke tsakiyar atom, tsabta: furoton tarin wasu ƙwayoyi ne, ilektaron kuwa ɗaya ne tilo, don haka an san ainihin ƙarfin da ya shiga karon.

Sai a riƙa ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan ana ƙirga abin da ya fito. Da an kai wajen GeV 91 (GeV ma'aunin ƙarfi ne) sai adadin ya yi tsalle, nan ne nauyin wata ƙwaya da ake kira Z, wadda karon ke haifarwa. Faɗin tsallen yana nuna saurin rugujewarta, kuma da yake Z tana rugujewa ta zama wasu ƙwayoyi, ciki har da nutirino masu ɗan ƙaramin nauyi, daga shi aka gano cewa waɗannan nutirino iri 3 ne.

Awon ya yi kaifi ƙwarai, har jan da wata ke yi wa ƙasa da wutar jiragen ƙasa masu wucewa kusa da Jeneba sai da suka bayyana a lissafin, dole aka yi gyara a kansu.