Wai mota tana iya tafiya babu ruwa a inji?

Tambaya: Malam don Allah, an ce min tsohuwar Volkswagen Beetle ba a zuba mata ruwa sam, to yaya injin baya ƙonewa?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka ɗan'uwa, ba ta da lagireto ko kaɗan. Injin nata a baya yake, silinda huɗu a kwance biyu na kallon biyu, kowacce an yi mata ƙarafuna sirara jere-jere a jiki, fanka kuma da fambel ke juyawa tana ta hura musu iska, ga baƙin mai shi ma yana ɗebe zafi. Shi yasa in fambel ya tsinke ka tsaya nan take, in ba haka ba inji ya tafi kenan.

Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus wajen 1938, dabarar ita ce babu ruwan da zai daskare lokacin sanyi ko ya zube, gyara kuma ba wuya. An ƙera sama da miliyan 21, ta ƙarshe a Meziko a 2003. Motar Citroën 2CV ta Faransa ma iska ce ke sanyaya injinta.

Amma fa akwai ƙara, kuma zafin injin baya tsayawa wuri ɗaya, da dokokin hayaƙi suka tsananta sai kamfanoni suka koma ruwa, hatta Porsche 911 a 1998 aka daina yin mai iskar.