Amsa ga mai neman libarba mai taushin kunama

Salamu alaikum. Alhaji, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na karya kumallo tukuna. Ka ce kana rufe shago a kasuwar Taminus ta Jos bayan isha'i da kuɗin ciniki a jikinka, yatsunka kuma na fama da sanyin ƙashi, shi ya sa kake neman libarba wadda kunamarta ba ta da tauri. Na daɗe ina aikin ɗamara kafin in ajiye kaki, libarba kuwa ta sha kwana a ƙuguna, to ga abin da hannuna ya sani.

Jan libarba iri biyu ne. In ka ja kunama kai tsaye, yatsa ɗaya ke yin aiki uku: ya juya tulun harsashi, ya ɗaga 'yar gudumar da ke bugun harsashi baya, ya sake ta. Nauyin wannan ja yakan kai kilo huɗu da rabi zuwa shida, kamar ka rataya galan mai lita biyar cike da ruwa a manuniyarka. In kuwa ka fara ɗana gudumar da babban yatsa, abin bai wuce kilo biyu ba. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su ce ai sai in riƙa ɗana ta kawai. Kul! Mutumin da tsoro ya kama bai san ƙarfin yatsansa ba. Ƙaramar razana ta isa ta tashi bindigar, alhali mai motsin nan a bakin ƙofa ɗanka ne ya dawo daga kallon ƙwallo. Taurin nan ba aibi ba ne, shi ne birkin libarba, domin yawancinsu ba su da makullin tsaro.

Abin dubawa shi ne santsi, ba sauƙi ba. Ja mai nauyi da ke tafiya sumul daga farko har ƙarshe ya fi mara nauyi da ke cijewa a tsakiya. Malaminmu na harbi yakan sa a zazzage harsasai, ya duba tulun da idonsa sau biyu, sannan ya ɗora kwabo a kan hancin bindigar ya ce ka ja. In kwabon ya faɗi, fizga ka yi. Nawa ya faɗi ya fi a ƙirga, musamman da sanyin safiyar Disamba na Jos, lokacin da yatsu ke ƙagewa kamar ba naka ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ƙananan libarba masu harsashi biyar, irin na Smith & Wesson da ake sakawa a aljihu, sun fi matsakaita taurin kunama, ga naushi a tafin hannu saboda ba su da nauyi. Ƙanƙantar ce ke yaudarar mai raunin hannu. Matsakaiciya irin Model 10 mai harsashi shida na .38, wadda asalinta tun 1899 ne, ta fi daɗin ja nesa ba kusa ba. Cikin ƙananan, Ruger LCR da ta fito a 2009 ce ta yi suna wajen santsi. Sai ƙota: in ta yi wa tafinka kauri, da ƙyar kan yatsa zai taɓo kunamar, ƙarfin ja kuwa a gaɓar farko yake.

Kada kuma wani ya ce zai rage maka ƙarfin sifirin da ke tura gudumar. Wani abokin aikina ya yi wannan dabarar, kunama ta yi laushi yana ta fariya. Ranar gwaji ya ja, ƙas. Ya sake ja, ƙas. Gudumar ba ta da ƙarfin tada harsashin. Mun yi masa dariya don allon katako ne a gabansa.

To Alhaji, ga inda gizo ke saƙar. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, layi ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta. Lasisinsu na Shugaban Ƙasa ne, ba na Sufeto Janar na 'yan sanda ba, balle Kwamishina. Abin da Sufeto Janar ke iya ba farar hula lasisi shi ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wannan ma a 2023 an sanar da dakatar da bayarwa. Wanda kotu ta kama da laifin riƙe haramtaccen makami, ɗaurin bai gaza shekara goma ba. Ka san yadda shingen bincike yake a garin nan da zarar an ɗan samu hayaniya. Duk wanda ya biyo ka ta bayan fage ya ce yana da mai taushi har da takardunta, ko ɗan damfara ne ko tarko. Ƙirar gida kuwa, wadda ake haɗawa da bututun ƙarfe, tana iya fashewa a hannun mai ita.

Da ni ne kai, kuɗin zan raba da jikina. Ka tura ciniki banki kafin la'asar, ka ƙarfafa karɓa ta taransifa da POS, ku haɗa kuɗin mai gadi da maƙwabtan layinku, ka daina bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Yatsun nan kuma a kai su likita ya duba kafin hunturu ya kankama. Allah ya tsare, ya ƙara kasuwa.