Busasshen abincin kare: mai araha ko mai tsada?

Malam, ka tambayi ko buhu mai araha ya fi riba ga karen gadinka a nan Abuja. Kada farashin buhu ya ruɗe ka, lissafa abin da karen ke ci a rana. Buhu mai kilo 15, in giram 300 ya ishe shi kullum, zai kai kwana 50. In sai ya ci giram 450, kwana 33 buhun ya ƙare. Yawanci masara da dusa ne suka cika mai araha, shi ya sa kare ke ci da yawa, kashinsa ma ya yi yawa ya yi laushi.

Juya buhun ka karanta. Ana jera kayan haɗi bisa nauyi, don haka a ga kaza, naman sa ko kifi a farko. Furotin, wato sinadarin gina jiki, kada ya gaza kashi 18 cikin 100 ga babban kare, kwikwiyo kuwa 22.5.

Wanda ake aunawa da mudu daga buɗaɗɗen buhu, don Allah ka guje shi. Ba ka ganin ranar lalacewa, kuma danshin watan Agusta na sa shi fumfuna, wadda gubarta ke illata hanta. In ka shinshina ka ji warin tsohon mai, ya lalace.

In za ka sauya masa abinci, gauraya da tsohon a hankali har kwana 7, don kada ya yi zawo.